Nebraska (kundin waƙoƙin Bruce Springsteen)

Nebraska kundin waƙoƙi ne na mawaƙin rok ɗan Amurka Bruce Springsteen, wanda kamfanin Columbia ya fitar ranar 30 ga Satumba, 1982. Shi ne kundinsa na shida, waƙoƙi 10 ne a ciki, tsawonsa kuma kusan minti 41. An san shi da cewa ba a situdiyo aka naɗe shi ba. A ɗakin kwana aka ɗauke shi, a kan kaset irin wanda ake sa wa rikoda, mawaƙin shi kaɗai da jitarsa. Tun farko ma ba don kasuwa aka yi shi ba, gwaji ne da ya shirya domin makaɗansa su ji yadda sababbin waƙoƙin za su tafi. Masoyansa sun shafe shekara 43 suna ja-in-ja a kan wannan kaset kafin a sake fitar da kundin a 2025, haɗe da abin da aka daɗe ana ɓoyewa.

Yadda aka naɗe shi

A watan Satumbar 1981 Springsteen ya kammala dogon rangadin kundinsa The River, wanda ya kai matsayi na ɗaya a Amurka, ya koma wani gidan haya a Colts Neck, jihar New Jersey. Ya gaji da yadda yake ƙarar da watanni da kuɗi a situdiyo yana rubuta waƙa alhali makaɗa na zaune suna jira. Sai ya aiki Mike Batlan, mai kula masa da jitoci, ya sayo na'urar da zai riƙa gwaji da ita a gida. Batlan ya dawo da Tascam Portastudio 144, ƙirar kamfanin TEAC na Japan, wadda ta shigo kasuwa a 1979.

Dabarar na'urar ba ta da wuyar fahimta. Zaren kaset yana da layin sauti huɗu, biyu na fuskar farko, biyu na fuska ta biyu. Portastudio tana haɗa huɗun ta yi amfani da su ta fuska ɗaya, tana kuma juya zaren da ninki biyu na saurin rikoda domin sautin ya ɗan ƙara tsabta. Mutum ɗaya zai iya ɗaukar muryarsa da jita a layi biyu, ya mayar da kaset baya, ya ɗora amshi ko harmonika a kan sauran biyun. Haka Springsteen ya yi, da makirufo biyu samfurin Shure SM57, Batlan na danna maɓallai. Yawancin aikin a ranar 3 ga Janairu, 1982 aka yi shi. Waƙa ɗaya, My Father's House, sai a watan Mayu aka ɗauke ta da wannan na'urar.

Wajen haɗa layukan huɗu su koma kaset na gama-gari aka yi kwaɓar da ta zama tambarin kundin. Sun bi da sautin ta wata tsohuwar na'urar amsa-kuwwa mai suna Echoplex, daga nan ya shiga wata rikoda Panasonic da ta taɓa shan ruwa a wani yawon kwale-kwale, aka ɗauka ta mutu, daga baya ta farfaɗo da kanta. Ba wanda ya damu da saita saurin zare daidai, tunda gwaji ne. Springsteen ya jefa kaset ɗin a aljihu, ko gida babu, ya yi makonni yana yawo da shi.

Abin da waƙoƙin suka ƙunsa

Kusan duk labarai ne na mutanen da duniya ta juya wa baya: masu kisa, 'yan caca, ma'aikatan da aka sallama, yaro da ke kallon gidan masu kuɗi daga bakin titi. Waƙar da kundin ya ɗauki sunanta tana magana ne da bakin Charles Starkweather, matashin da ya kashe mutum 11 a jihohin Nebraska da Wyoming tsakanin 1957 da 1958, aka kuma zartar masa da hukuncin kisa a kujerar lantarki a 1959. Waƙar Johnny 99 ta taso ne daga rufe masana'antar motoci ta Ford da ke Mahwah a New Jersey a 1980. Highway Patrolman labarin ɗan sanda ne da ya bar ɗan'uwansa mai laifi ya tsallake iyaka zuwa Kanada. Lokacin ma ya dace da su, domin a ƙarshen 1982 rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi 10.8 cikin ɗari.

Yunƙurin situdiyo

A watan Afrilun 1982 ya kai waƙoƙin situdiyon Power Station da ke New York, inda shi da ƙungiyarsa E Street Band suka gwada su da ganguna da jitar lantarki. Wasu sun karɓi kayan kiɗan, har suka zama ginshiƙin kundin Born in the U.S.A. na 1984; ita kanta waƙar mai wannan suna a kan kaset ɗin Colts Neck aka fara ɗaukarta. Sauran kuwa suka ƙi. Da zarar ganga ta shigo, kaɗaicin da ke cikin muryar sai ya gudu. Ya gwada rerawa shi kaɗai a gaban makirufo masu tsada, nan ma abin bai zauna ba. Daga ƙarshe aka yarda da abin da abokinsa Steven Van Zandt ya riga ya faɗa masa, cewa kaset ɗin aljihun nan shi ne kundin.

Sai aka shiga wata wahalar. Mayar da kaset mai rauni zuwa faifan garmaho ya gagari injiniyoyi, domin allurar da ke yanka faifan ba ta iya bin sautin ba tare da ya dagule ba. Chuck Plotkin da Toby Scott sun yi ta zagaye da shi daga wannan ƙwararre zuwa wancan, har aka fara tunanin fitar da shi a kaset kaɗai, kafin Dennis King na situdiyon Atlantic ya shawo kan matsalar ta hanyar yanka faifan da sauti ƙasa-ƙasa.

Karɓuwa da ra'ayoyin masoya

Springsteen bai yi wa kundin rangadi ba. Babu fuskarsa a bango, sai hoton wani titi fayau da David Michael Kennedy ya ɗauka ta gilashin mota, baƙi da fari, da suna cikin jan rubutu. Ko a bidiyon Atlantic City, ɗaya daga waƙoƙin kundin, bai fito ba. Duk da haka kundin ya kai matsayi na uku a Amurka da Birtaniya. A 1983 mawaƙi Johnny Cash ya rera biyu daga cikin waƙoƙin, kuma a 1991 Sean Penn ya gina fim ɗinsa The Indian Runner a kan Highway Patrolman. Mujallar Rolling Stone ta sa shi a lamba 224 cikin fitattun kundaye 500 a 2003, ta ɗaga shi zuwa 150 a 2020.

Masoya kuwa tun farko kansu ya rabu. Waɗanda suka saba da Springsteen na filin wasa, mai awa uku yana tsalle ana busa saksofon, da yawansu sun ji kundin kamar zaman makoki, suka ajiye. Wani ɓangaren, wanda ya haɗa da mutanen da ba su ma damu da sauran waƙoƙinsa ba, suna ɗaukarsa a matsayin aikinsa mafi gaskiya, har shuuu ɗin kaset da ƙarar ɗakin suna lissafa su cikin kiɗan. Akwai kuma na uku, masu tara faifai da kwafin bayan fage, waɗanda damuwarsu ɗaya ce: ina naɗin da aka yi da E Street Band? Suka raɗa masa suna Electric Nebraska. Mai gangar ƙungiyar, Max Weinberg, ya ƙara wa wutar fetur da ya shaida wa 'yan jarida cewa an naɗe waƙoƙin kuma sun yi zafi. Abin da ba a ji ba kullum ya fi daɗi a kunne, don haka kowa ya ƙera nasa kundin a zuci.

Tasiri a kan naɗar waƙa a gida

Ba Springsteen ne ya fara ba. Bob Dylan da ƙungiyar The Band sun naɗi tarin waƙoƙi a ɗakin ƙasa na wani gida a jihar New York a 1967, Paul McCartney ma ya yi wani sashe na kundinsa na 1970 a gidansa na Landan. Sai dai McCartney da babbar na'urar situdiyo ya yi aiki. Nebraska da kayan da ɗalibi zai iya tara kuɗi ya saya aka yi shi, kuma babban kamfani ya fitar. Mawaƙan da suka tashi da na'urar layi huɗu a shekarun 1980 da 1990 sun riƙe shi hujja. Yana da kyau a tuna cewa arhar na'urar ba ita ta sa kundin ya tsaya ba. Dubban mutane sun sayi Portastudio, kaɗan ne ke da irin waɗannan waƙoƙi a hannu.

Fitowar 2025

Springsteen ya daɗe da shiga kasuwar sake fitar da tsofaffin kundaye cikin akwati na musamman. Born to Run ya samu nasa a 2005, Darkness on the Edge of Town a 2010, The River a 2015. Irin wannan akwati kamfanoni na son sa domin masu sayensa manya ne masu abin hannu, masoya kuma kan yi ƙorafin tsada da sake sayen abin da suke da shi, sa'an nan su saya. Nebraska ya daɗe ba a taɓa shi ba. A tsakiyar 2025 Springsteen ya gaya wa Rolling Stone cewa babu wani Electric Nebraska, daga baya ya aika wa ɗan jaridar saƙo cewa ya duba ma'ajiya, ashe akwai.

Ranar 24 ga Oktoba, 2025 aka fitar da Nebraska '82: Expanded Edition, rana ɗaya da fim ɗin Scott Cooper kan tarihin kundin, inda Jeremy Allen White ya fito a matsayin mawaƙin. Faifai biyar ne: waƙoƙin da aka bari a baya, Electric Nebraska, sabon wasan da Springsteen ya yi na kundin gaba ɗaya a gidan wasa na Count Basie da ke Red Bank ba tare da 'yan kallo ba, bidiyon wannan wasan, da ainihin kundin da aka sake gyara wa sauti.

Electric Nebraska ɗin da aka yi shekaru ana mafarki waƙoƙi 8 ne kawai, shida daga kundin, biyu kuma daga waɗanda suka koma Born in the U.S.A. Akwai masu armashi a ciki, musamman waƙar Born in the U.S.A. da mutum uku kacal suka buga, jita da bes da ganga, da fushin da shahararren naɗin 1984 ya lulluɓe. Amma wanda ya saurari faifan zai ji ƙungiya ce tana lalube, ba kammalallen aiki ba, kuma waƙoƙin Highway Patrolman da State Trooper na ainihin kundin ba sa cikinsa.