Gerard Roope da lambar Victoria Cross

Gerard Broadmead Roope (1905–1940) hafsan sojan ruwan Birtaniya ne, kwamandan ƙaramin jirgin yaƙi HMS Glowworm. Bajintarsa ta 8 ga Afrilu 1940 ita ce ta farko a Yaƙin Duniya na Biyu da aka saka da lambar Victoria Cross, ko da yake sai a 1945 aka sanar da ita.

Lambar

Sarauniya Victoria ce ta kafa ta a 1856, kuma babu lambar jarunta da ta fi ta daraja a Birtaniya. Da tagulla ake ƙera ta. Har zuwa 1918 ƙyallen ratayarta shuɗi ne ga sojan ruwa, daga nan aka mai da na kowa ja.

Karon 8 ga Afrilu

Glowworm yana cikin masu rakiyar babban jirgin yaƙi HMS Renown zuwa gaɓar Norway, sai igiyar ruwa ta tafi da wani matuƙi. Roope ya tsaya nemansa, ayarin ya yi gaba ya bar shi. Da safiyar 8 ga Afrilu ya ci karo da jiragen Jamus, sannan Admiral Hipper ya ɓullo, jirgin da ya ninka nasa girma kusan sau goma. Roope bai ja da baya ba. Ya turnuƙe wurin da hayaƙi, ya harba makaman nutsar da jirgi amma ba su samu ba. Ana cikin ruwan wuta Glowworm ya banki gefen Hipper, ya yage masa sulke mai tsawon kusan mita 40. Masana sun saɓa: ko da gangan ne, ko sitiyari ne ya lalace.

Glowworm na nitsewa aka ga Roope yana taya mutanensa sa rigunan ceto. Ya kama igiyar da Jamusawa suka jefo, amma ƙarfinsa ya ƙare, ya koma ruwa. Cikin mutum 149, kimanin 31 ne suka tsira.

Shaidar abokin gaba

Kwamandan Hipper, Hellmuth Heye, ya tsai da jirginsa fiye da awa guda yana tsamo mutane, kuma an ruwaito ya rubuta wa hukumomin Birtaniya ta hannun Red Cross yana yabon Roope. Sauran bayani Laftanar Robert Ramsay, hafsan Glowworm da ya tsira, shi ne ya kawo da ya fito daga sansanin fursunonin yaƙi. An sanar da lambar a Yulin 1945, Sarki George na Shida ya miƙa ta ga matar Roope a fadar Buckingham cikin Fabrairun 1946.