Ganyen Kat da Dokokin Hana Shigo da Shi

Kat ganyen wata bishiya ce da masana tsirrai ke kira Catha edulis, wadda ake nomawa a kan tsaunukan Habasha, Kenya da Yaman. Ana tauna ɗanyen ganyen da tohonsa don jiki ya wartsake, barci ya gudu, hira ta yi armashi. Mutanen Yaman suna ce masa ƙat, Habashawa cat, Somaliyawa ƙad ko jad, a Kenya kuma mira. Matsayinsa a waɗannan ƙasashe ya yi kusa da na goro a ƙasar Hausa: ana tarbar baƙo da shi, kuma a yankin Meru na Kenya har wajen neman aure ake kai ƙullinsa. Sai dai ya fi goro ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma zaman taunarsa yakan ci daga bayan azahar har dare.

Ganyen da ba ya jira

Sinadarin da ke sa mai tauna kuzari shi ne katinon, kuma cikin kamar kwana biyu da tsinke ganyen ƙarfinsa yake raguwa. Shi ya sa cinikin kat tsere ne da lokaci. A garin Maua na Meru da asuba ake tsinkarsa, a ɗaure dami-dami, a naɗe cikin ganyen ayaba don kada ya yi yaushi, sannan motocin a-kori-kura su kwasa da gudun tsiya zuwa Nairobi, inda jirage ke jira. A Habasha kuwa kasuwar Awaday, kusa da Harar, cikin dare take ci. Da yake ɗanyen kat ba ya jure doguwar tafiya, dokar hana shigo da shi ta fi cizo a filin jirgin sama.

Matsayinsa a doka

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan ƙwayoyi masu juya tunani ta ƙunshi katinon da ɗan'uwansa katin, amma ba ta haramta ganyen kansa ba. A 2006 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba lamarin, ya ce illar kat ba ta kai a sa shi ƙarƙashin dokar ƙasa da ƙasa ba. Saboda haka kowace ƙasa ke yanke nata hukuncin. Norway da Sweden sun hana shi a 1989. Amurka ta sa katinon cikin rukunin haramtattun ƙwayoyi mafi tsanani a 1993. Saudiyya ta haramta shi, alhali maƙwabciyarta Yaman ta dogara da nomansa, Jibuti kuma kullum daga Habasha take shigo da nata.

Birtaniya

Nan ne aka fi tafka muhawara. Kafin haramcin, kimanin tan 2,560 ne ke sauka a Birtaniya duk shekara, akasari ta filin jirgin Heathrow, kuma gwamnati na karɓar haraji a kai. Daga nan a rarraba shi zuwa ɗakunan tauna da ake kira mafrish, a unguwannin 'yan Somaliya, Yaman da Habasha. A Janairun 2013 majalisar ƙwararrun da ke ba gwamnati shawara kan miyagun ƙwayoyi ta ce babu isasshiyar hujjar haramta shi. Duk da haka ministar cikin gida ta lokacin, Theresa May, ta sanar da haramcin a watan Yuli. Babbar hujjarta ita ce Holan ta riga ta rufe ƙofarta a farkon shekarar, don haka Birtaniya za ta zama zangon masu fasa-ƙwauri zuwa sauran Turai da Amurka. Dokar ta fara aiki ran 24 ga Yuni 2014, kuma mai safararsa na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14.

Ba daga ofisoshin gwamnati kaɗai kiran ya fito ba. Matan Somaliya da dama mazauna Birtaniya sun daɗe suna kukan mazajen da ke kwana a mafrish, su wayi gari ba aiki, kuɗin cefane ya tafi a ganye. Wannan koke gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. Amma waɗanda suka fi jin raɗaɗin dokar suna can Meru, manoman da kuɗin makarantar 'ya'yansu ke fitowa daga bishiyoyin da suka gada, kuma babu wanda ya tanadar musu wata sana'a kafin a rufe kasuwar. A 2016 gwamnatin Kenya ta Shugaba Uhuru Kenyatta ta amince da mira a hukumance a matsayin amfanin gona na sayarwa.

Somaliya da sauran hanyoyi

Somaliya ce babbar kasuwar mirar Kenya, shi ya sa hana shigo da shi ya zama makamin siyasa. Shugaban Somaliya na lokacin, Siad Barre, ya haramta shi a 1983, dokar ba ta ɗore ba. A Maris 2020 gwamnatin Mogadishu ta dakatar da jiragen mira saboda annobar korona, dakatarwar ta zarce lokacin da dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami, ba a ci gaba da jigilar ba sai a Yulin 2022, bayan zaɓen Hassan Sheikh Mohamud a matsayin shugaban Somaliya.

Inda aka toshe hanyar ɗanyen ganye, 'yan kasuwa sun koma busasshe, wanda ya fi jure tafiya, ana aika shi cikin kwali da sunan ganyen shayi, zogale ko lalle. Ta wannan hanya ce kat ya ɓullo a Najeriya, inda hukumar NDLEA ta sha kama buhuna da kwalayensa a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas, galibi an ɗauko su daga gabashin Afirka za a wuce da su Turai ko Amurka.