Rugar da ba ta cikin taswira

Duk wata idan na je karɓo allurar rigakafi a ɗakin sanyi na ƙaramar hukuma, ba a tambayata yara nawa na gani da idona. Takarda ake dubawa. A takardar an rubuta yawan mutanen mazaɓarmu, sai a cire kashi 4 cikin 100 a ce su ne jariran da ba su cika shekara ba, kashi 20 kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mazaɓar da aka ce tana da mutum 20,000, lissafin jarirai 800 za a yi mata a shekara. Lambar nan kuwa daga ƙidayar 2006 ta samo asali, wadda ta ba Najeriya mutum miliyan 140 da ɗoriya. Tun daga lokacin ba a sake wata ba; ƙari kawai ake yi a kai duk shekara bisa ƙiyasi. An sa ranar yin sabuwa a watan Mayun 2023, aka ɗage.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kafin a ƙirga mutum ko ɗaya sai an fara yanka ƙasa. Jihohi 36 da Abuja kowa ya san su, haka ƙananan hukumomi 774, da mazaɓun da ke ƙarƙashinsu. To Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana ƙara gutsuttsura wannan zuwa ƙananan yankuna, kowanne daidai abin da masu ƙidaya za su iya zagayewa gida-gida a cikin kwanakin aikin. Shi ake kira yankin ƙidaya. A birni mai cunkoso yanki ɗaya bai wuce 'yan layuka ba. A karkara kuwa yana iya haɗa ƙauye da unguwanni biyu ko uku da rugagen da ke gefensu. Iyakarsa ana bin abin da ido ke gani ne: titi, rafi, kwalbati, layin dogo, katangar makaranta. Ba a yarda yanki ya tsallaka daga wata ƙaramar hukuma zuwa wata ba, ba a yarda biyu su hau juna ba, ba a kuma yarda a bar wani fili a tsakani babu mai shi ba. A da da hannu ake zana taswirar. A shatar da aka yi ta shirin ƙidayar 2023, hoton tauraron ɗan'adam aka yi amfani da shi da ƙananan na'urorin hannu.

A takarda ke nan. Bari in gaya muku abin da na gani a ƙasa.

Akwai wata ruga a hayin rafi, tsakaninmu da mazaɓar da ke maƙwabtaka da mu. Mu muna ɗauka tasu ce, tunda hanyar babur ta wajensu take. Su kuma suna ɗauka tamu ce, tunda kasuwarmu mutanen ke ci. Shekaru aka yi a haka. Ranar da ƙyanda ta shiga rugar muka tsallaka, ruwa har gwiwa, akwatin allura a ka. Na tarar da wata uwa zaune a bakin bukka, yaro a cinya idanunsa sun yi jajur, wani kwance a tabarma. Na ce, "Inna, ina katinsu?" Ta ce, "Wane kati, Malama? Mu ai ba a taɓa zuwa mana ba." Ba ƙi suka yi ba. Babu sunansu a jerin kowa.

Shi ya sa nake roƙon iyayenmu masu unguwanni da dagatai: idan ma'aikatan Hukumar Ƙidaya suka zo duba taswira ko jera gidaje, a haɗa su da wanda ya san daji, ba wanda ya san bakin titi kaɗai ba. A nuna musu ruga, da tungar masunta, da sabuwar unguwar da 'yan gudun hijira suka kafa, da makarantar allo mai almajirai. Kuma a kwantar da hankali, layin yankin ƙidaya ba ya taɓa iyakar hakimi ko ta dagaci, ba ya raba gona, ba ya canza wa kowa rumfar zaɓe. Na sha ganin an tsaya musu a kan wannan har rana ta faɗi, aiki bai yiwu ba.

Tsoron haraji ma na san da shi, musamman wajen dattawan da suka ga zamanin jangali, lokacin da ƙirga ke nufin biya. A tsohuwar Jihar Kano, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, an soke haraji da jangali. Ƙidayar jama'a ba ta haraji ba ce.

Idan an rubuta lamba a bango ko ƙofa, kada a goge, kada a shafe da fenti ko yaɓe sai an gama. Da ita mai ƙidaya ke gane gidan da ke cikin yankinsa. Kuma inda kake zaune nan ake ƙirga ka. Masu kwasar iyali su tafi garinsu na asali don su ƙara masa yawa, unguwar da 'ya'yansu ke zuwa asibiti da makaranta suke rage wa kaso.

Sai ku 'yan'uwana mata. Na san kunyar ɗan fari. Ni ma a gaban surukata ba na kama sunan nawa. Amma sau da yawa idan na tambayi mace 'ya'yanta nawa, sai ta ce huɗu, alhali ga na biyar can yana ɗebo ruwa. Jaririn da ba a yi suna ba shi ma akan tsallake shi. Idan baki ba zai iya faɗa ba, a kira kishiya ko ƙanwar miji ta faɗa, ko a nuna shi da hannu.