Sauya wa fushiya wuri bayan ta kafu

Fushiya ƙaramar bishiyar ado ce mai furanni masu reto kamar 'yan kunne, kuma yawancin nau'o'inta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu suka fito. Masanin tsirrai ɗan Faransa Charles Plumier ne ya fara bayaninta a rubuce a 1703, ya raɗa mata sunan likitan Jamus Leonhart Fuchs. Shuka ce mai son sanyi da inuwa. Da zafi ya haura digiri 27 sai ta soma wahala, furanni su riƙa zuba. Shi ya sa a Makka, Madina da Jidda, inda Hausawan Saudiyya suka fi yawa, ba ta yin ƙarko a ƙasa. Tuddan Ɗa'ifa da Abha, masu tsayin kusan mita 1,800 da 2,200, su ne suka fi karɓar ta.

In za a sauya mata wuri, ana yin dashen a watannin sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, sai dai a kauce wa kwanakin da sanyin dare ya tsananta. Bayan la'asar ya fi, don ta kwana cikin sanyi kafin rana ta same ta.

Saiwoyinta sirara ne, a kusa da saman ƙasa suke, kuma nan duk wahalar take. Ana shayar da ita sosai ana gobe za a cire, a rage kashi ɗaya cikin uku na rassan, domin saiwar da ta tsira ba za ta iya ɗaukar nauyin ganyen duka ba. Sabon rami ake fara haƙawa, faɗinsa ya ninka dunƙulen ƙasar da za a ɗauko, a gabashin katanga inda ranar safe kaɗai ke bugawa. Sannan a yanka da'ira da shebur, santimita 30 zuwa 40 daga gindi, a zura shi ta ƙasa, a ɗago dunƙulen a kan buhu. Ba a jan ta ta kara, rassanta saurin karyewa ne da su. A dasa ta zurfin ya ɗara na da da santimita 5, a cika da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, a ba ta ruwa kamar lita 10, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa kara ba. Takin zamani sai sabon toho ya fito.

Kuskuren da ya fi kashe ta shi ne ganin ta yi yaushi da tsakar rana a ƙara mata ruwa. In an tura yatsa an ji ƙasa da danshi, zafi ne ke damunta ba ƙishi ba. Inuwa take buƙata, ƙarin ruwa kuwa ruɓar da saiwa yake yi. Ƙonewar gefen ganye yawanci gishirin ruwan rijiya ne. In sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore, sinadarin ƙarfe ne ta kasa zuƙa saboda ƙasar mai alli ce.

Zubar ganye bayan dashe ba mutuwa ba ce: a kankare ɓawo da farce, in cikinsa kore ne tana da rai. Duk da haka ƙwararru kan yanki 'yan kawunan rassa masu tsayin santimita 7 zuwa 10 su kafa a tukunya kafin a taɓa uwar, don tsohuwar fushiya ba kullum take jure ƙaura ba.