Ufruf: Asabar ɗin ango da ɗawainiyar sauke baƙi a bikin Yahudawa

Wanda abokinsa Bayahude ya aiko wa katin biki daga New York ko Landan, sau da yawa zai ga an sa ɗaurin aure ranar Lahadi, amma ana roƙonsa ya iso tun Juma'a da rana. A jadawalin da ke cikin katin, gefen ranar Asabar, zai ci karo da wata kalma: ufruf, wasu su rubuta aufruf. Kalmar Yidish ce, harshen Yahudawan Ashkenazi da suka fito daga Turai ta Tsakiya da ta Gabas, kuma tushenta ɗaya da kalmar Jamusanci mai nufin a kira mutum ya fito. Wanda ake kira ɗin shi ne ango.

A safiyar kowace Asabar ana karanta wani kaso na Attaura a majami'ar Yahudawa. Akan kira mutum 7 ɗaya bayan ɗaya su hau dandamalin da ake shimfiɗa nannaɗaɗɗen littafin, kowa ya yi addu'ar albarka kafin a karanta rabonsa da kuma bayan an gama. Wannan hawa shi ake ce wa aliya. A Asabar ɗin da ke gaban aure sai a ba ango ɗaya daga cikin waɗannan guraben. Da ya rufe baki, jama'a su hau jifansa da alewa ta ko'ina, fatan zaman ya yi daɗi kenan, yara kuma su bazu ƙarƙashin kujeru suna wawaso. Masu hankali sukan sayo alewa mai laushi wadda aka naɗe a leda, don an san ƙarfin hannun abokan ango, kuma babu mai son ya je ɗaurin aure da kumburarren goshi. A majami'un Reform da na Conservative, ɓangarorin da suka sassauta riƙo da dokokin addinin, galibi ango da amarya tare suke hawa. Yahudawan Sefardi, waɗanda asalinsu Andalus ne, da na ƙasashen Larabawa kuwa yawancinsu sai Asabar ɗin bayan aure suke yin nasu, suna kiransa Shabbat Hatan, wato Asabar ɗin ango. Wasunsu, irin na Maroko da Yaman, abin da suke yi kafin aure shi ne daren lalle, wanda ba sai an yi wa Bahaushe bayaninsa ba.

Kiran da jifan duka ba su wuce 'yan mintoci ba. Amma a bakin masu biki kalmar ta faɗaɗa, ta haɗa har da kwana da cin abinci da hirar da ake yi daga Juma'a zuwa daren Asabar. Nan ne ɗawainiyar take, kuma ba za a gane ta ba sai an gane Shabbat, ranar hutun Yahudawa. Sunan ba baƙo ba ne a wurinmu: Asabar ta Hausa daga as-sabt ta Larabci ta fito, ita da Shabbat kuwa tushensu ɗaya.

Shabbat na shiga ne da faɗuwar ranar Juma'a. Ana kunna kyandirori minti 18 kafin rana ta faɗi, a Birnin Ƙudus kuma minti 40, sannan ba a fita daga Shabbat sai taurari 3 sun bayyana a daren Asabar, kusan awa 25 kenan. A tsakanin nan malamansu na farko sun lissafa nau'in aiki 39 da ba a yi, ciki har da hura wuta, girki, rubutu da ɗaukar kaya daga gida zuwa titi. Masu riƙo da addinin sosai, waɗanda ake kira Otodoks, sun sa tuƙa mota da kunna lantarki da taɓa waya a cikin wannan hani. Ba a ɗaura aure a ranar ma. Za a iya jira a fita daga Shabbat a ɗaura da daddare, to amma a watan Yuni a Landan sai bayan ƙarfe 10 na dare ake fita. Shi ya sa Lahadi ta zama ranar biki ga da yawa, baƙon nesa kuma ya zama dole ya sauka tun Juma'a. A watan Disamba ma da sauri ake yi, domin a New York rana kan faɗi wajen ƙarfe 4:30 na yamma. Jirgin da ya makara awa biyu kan iya sa kawun ango ya yi Asabar ɗinsa a otal ɗin gefen filin jirgi.

Tunda ba mota, abin da mai masauki zai fara aunawa shi ne tafiyar ƙafa. Masaukin kowane baƙo dole ya kasance inda zai iya takawa zuwa majami'a da wurin cin abinci, har da kaka mai sanda. A unguwanni irin su Golders Green a Landan ko Borough Park a Brooklyn, maƙwabta ne ke rufa asiri: wannan ya ba da ɗakin baƙi, wancan ya ba da ɗakin ƙasa, wani da zai yi tafiya ya bar mabuɗin gidansa gaba ɗaya, ko da bai san baƙon ba. Suna kiran wannan haknasat orhim, shigo da baƙi, kuma ibada suka ɗauke shi. Asalinsa suna jingina shi ga Annabi Ibrahim da baƙinsa da ya yanka wa ɗan maraƙi, ƙissar da ke cikin Attaura, mu ma muke karantawa a Suratu Hud da Suratuz Zariyat. Talmud, babban kundin koyarwar malamansu, ya kai ga cewa karɓar baƙo ya fi tarbar halartar Ubangiji girma, wai don Ibrahim ya katse ganawarsa da Allah ya ruga ya tare su. Mu da muke cewa baƙonka annabinka, maganar ba ta yi mana nisa ba.

In otal aka kama, sai wasu ƙananan matsaloli su taso waɗanda ba za su taɓa faɗo wa wani a rai ba. Ƙofar ɗaki da katin lantarki ake buɗe ta, sai a roƙi mabuɗin ƙarfe, in babu a liƙe harshen ƙofar da salatif. A nemi ɗakunan hawa na ƙasa don kada a buƙaci lifta. A Isra'ila da wasu gine-ginen New York akwai liftar Shabbat, wadda ke tsayawa a kowane hawa da kanta ba tare da an danna komai ba, sai dai mai gaggawa gara ya bi matakala. Akwai kuma batun eruv, wani siririn zare da ake kewaye unguwa da shi a saman turakun lantarki, wanda a shari'arsu yake mai da unguwar kamar gida ɗaya, har a iya tura keken jariri ko a sa mabuɗi a aljihu. Na arewa maso yammacin Landan ya fara aiki a 2003 bayan shekaru ana jayayya a kansa. Inda babu shi, mai jego ba ta da hanyar fitowa da jaririnta, don haka mai masauki mai lura zai kai mata abinci tun Juma'a, ko ya sauke ta a gidan da za a ci.

Abincin kansa duk an gama shi kafin rana ta faɗi. A shiga kicin ɗin uwar ango da la'asar ɗin Juma'a: tukunyar colent na kan farantin ƙarfen da aka rufe murhu da shi, wake da sha'ir da dankali da nama, za ta kwana tana dahuwa a hankali har azahar ɗin Asabar. Yahudawan Maroko nasu sunansa dafina, da ƙwai a cikin ɓawonsa. An cika babbar tukunyar lantarki da ruwan shayi an bar ta a kunne. An cire ƙwan fitilar firij don kada ya kama in an buɗe. An saita agogon da zai kashe fitilun falo da kansa cikin dare. A kan tebur ga burodin halla kitsattse guda 2 a lulluɓe, tunawa da ninkin manna da Bani Isra'ila ke samu ranar Juma'a a hamada. Kuma tunda ba a haɗa nama da madara a ci ɗaya, kek ɗin bayan abinci ba da man shanu aka yi shi ba.

A ganina nan ne sirrin natsuwar da baƙi ke yabawa. Ba wai mai masauki ya fi kowa iya shiri ba ne. Doka ce ta ƙwace masa damar gyara. Da zarar an kunna kyandir, ba aike kasuwa, ba kiran direba, ba mai ɗaukar hoto da zai tsai da mutane a layi. Abin da aka manta ya mantu. Dangin ango da na amarya, waɗanda watakila ba su taɓa haɗuwa ba, sai su zauna a tebur ɗaya awa uku ba waya a hannun kowa. Bayan abincin rana a yi barci, a zaga unguwa, ƙawayen amarya su taru a nata zaman da ake kira Shabbat Kalla, musamman inda ake bin al'adar nan ta cewa ita da ango ba sa ganin juna mako guda kafin aure.

Ba kowane gida ne ke bin duk wannan ba. Yawancin Yahudawan Amurka ba Otodoks ba ne, kuma tun 1950 malaman Conservative suka yi fatawar halatta tuƙi zuwa majami'a. Biki ɗaya kan haɗa mai kiyaye komai da wanda ba ya kiyaye komai da abokin aiki Musulmi ko Kirista. Abin da aka saba shi ne a daidaita abinci da masauki bisa ma'aunin wanda ya fi tsanani, a bar kowa da halinsa a ɗakinsa. Jakar maraba da ake ajiye wa baƙi kan ƙunshi ruwa da abin taɓawa da takarda mai ɗauke da lokacin kunna kyandir da taswirar hanya, tunda ba a duba ta waya. Baƙon da ba Bayahude ba ba a ɗora masa dokar ba, ladabi dai shi ne ya ajiye mota nesa kaɗan, ya kashe ƙarar waya, kada ya ɗauki hoto a majami'a, kuma kada ya zo da kyauta a hannu ranar Asabar.

Bayan an ɗaura aure ranar Lahadi ma baƙo bai gama amfani ba. Kwana 7 ake yi ana liyafa a gidajen dangi da abokai, ana maimaita addu'o'in albarka 7 da ake kira Sheba Berakot. Sharaɗin karanta su a wurin Otodoks shi ne a samu maza 10, kuma a cikinsu a samu sabuwar fuska, wanda bai halarci bikin a baya ba. Don haka kawun nan da jirgi ya makarar, in har ɗaurin auren ma ya wuce shi, shi za a fi nema a liyafar daren Litinin.