Waiwaye: Yadda dokokin hanya suka tara masu kaki a titunan Kano

Direban da ya taso daga Naibawa zuwa Kurna yana iya cin karo da kaki iri huɗu kafin ya sauke fasinja: ɗan sanda, jami'in kiyaye haɗurra, ɗan VIO mai duba lafiyar mota, da ɗan KAROTA, hukumar zirga-zirga ta jihar Kano, kowa kuma da dokar da ta tsayar da shi a wurin. Mafarin wannan tarin hukumomi yana cikin tsarin mulkin ƙasa, wanda ya bai wa gwamnatin tarayya ikon tsara zirga-zirga a manyan hanyoyinta kaɗai, ya bar wa jihohi sauran tituna. A takarda rabon ya fita sarai. A Kano kuwa gari ya riga ya cinye Titin Zariya da Titin Katsina da Titin Maiduguri, hanyoyin da aka yi don matafiya sun zama bakin kasuwa da wurin lodi.

Dokar manyan hanyoyin tarayya ta fito ne a 1971, zamanin Janar Yakubu Gowon. Amma abin da dattawa ba su manta ba shi ne canjin hannu na ranar 2 ga Afrilu, 1972, lokacin da Najeriya ta bar tuƙin hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama. Maƙwabtanmu duka a dama suke tafiya, don haka direban da ke jigila tsakanin Kano da Maraɗi ko Damagaram ya huta da sauya hannu a kan iyaka.

Arzikin mai ya kawo motoci, motoci suka kawo haɗurra. A watan Fabrairun 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. An taɓa cusa ta ƙarƙashin 'yan sanda a 1999, aka sake ware ta a 2003, sannan majalisa ta yi mata sabuwar doka a 2007. Ko a lasin tuƙi ana ganin wannan haɗin gambiza: jiha ce ke karɓar kuɗin, VIO su gwada direba, FRSC ta buga katin.

Inda dokar ƙasa ta fi shan wuya a Kano shi ne hular kwano. Da aka fara tilasta ta a ranar 1 ga Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa suka ɗaura ƙwarya a ka suka fito aiki. An yi ta dariya, amma akwai dalilai a ƙasa. Hular ta yi tsada, fasinjoji na ƙyamar sa abin da wani ya cire da guminsa, ga jita-jitar asiri, ga mai rawani da mai ɗankwali da wanda ya tsara dokar bai tuna da su ba. Ba a daɗe ba maganar ta bi ruwa.

Abin da ya sauya fuskar titunan Kano da gaske daga gidan gwamnatin jiha ya fito, kuma sau da yawa ba haɗari ne ya jawo shi ba. Malam Ibrahim Shekarau ya shigo da babur mai ƙafa uku ne don mata su daina hawa acaɓa, shi ya sa sunan shirinsa na A Daidaita Sahu ya manne masa har yau. Kwankwaso ya kafa KAROTA a 2012. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana goyo a babur. Dare ɗaya acaɓa ta mutu a birni, adaidaita ta gaje ta.

KAROTA ta koya wa mutane tsayawa a danja da barin bin hannun da ba nasu ba, wannan ko mai jin haushinta ba zai musa ba. Sai dai da hukumar ta zama hanyar tara kuɗin shiga, direbobi suka daina bambance tara da haraji. 'Yan adaidaita sun ajiye aiki a Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 a kullum, suka sake a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta takardar izini, ɗalibai da 'yan kasuwa suka taka da ƙafa. A Yulin 2022 gwamnatin Ganduje ta hana 'yan adaidaita fita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, nan ma tsaro aka ambata.