Rarraba aiki tsakanin kwamfutoci da hidimar gajimare

Rarraba aiki tsakanin kwamfutoci dabara ce ta yanyanka babban lissafi gunduwa-gunduwa, a miƙa wa injuna da yawa su yi a lokaci guda, suna aika wa juna sakamako har a kammala. Hidimar gajimare kuwa haya ce: kamfani ya tara dubban kwamfutoci a manyan cibiyoyi, yana ba da ƙarfinsu da ma'ajiyarsu ta intanet, kowa ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Ana yawan rikita su, alhali ta farko tsarin aiki ce, ta biyu kuma tsarin mallaka, kamar bambancin gayya da hayar tarakta a gonakin Maradi.

Dabarar rarrabawa ta girme wa gajimare. A 1994 masu bincike na hukumar binciken sararin samaniya ta NASA a Amurka suka haɗa kwamfutocin kasuwa masu arha suka samar da tsarin Beowulf, a shekarar kuma aka fitar da ƙa'idar MPI wadda injuna ke bi wajen musayar saƙo. Sai dai gayyar tana da iyaka, kamar yadda masanin kwamfuta Gene Amdahl ya nuna tun 1967: idan kashi ɗaya cikin goma na aiki ba ya rabuwa, ko injin dubu aka tara saurin ba zai ninka fiye da sau goma ba. Shi ya sa lissafin hasashen damina, inda kowane yanki na taswira ke jiran bayanin maƙwabcinsa, yake buƙatar injuna kusa da juna da wayar haɗi mai saurin gaske.

Gajimare ya bunƙasa daga 2006, lokacin da kamfanin Amazon ya buɗe hidimomin S3 (na ajiyar bayanai) da EC2 (na hayar injuna), kuma yau ana iya hayar injuna ɗari a cikinsa na yini guda a yi musu rabon aiki.

Ga makaranta irin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, zaɓin ya fi karkata ga kuɗi da kayan aiki. Mallakar injuna na buƙatar wutar lantarki marar yankewa da na'urar sanyaya ɗaki, musamman a zafin Afrilu. Haya kuwa na buƙatar intanet mai ƙarfi da biya da kuɗin waje, ga kuma nisa, domin cibiyar Amazon ta farko a Afirka a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu aka buɗe ta, a 2020.